Gaba da Jarka, ko Mita da Lita: Wane Awo Ya Dace da Ruwan Ƙasan Minna?

Duk wanda ya taɓa gina gida a Minna ya san cewa kafin a kai ga maganar fenti da tayil, sai an gama maganar ruwa. Ruwan famfon da ake tacewa a Chanchaga bai isa ko'ina ba. Gari ya faɗaɗa ta wajen Maitumbi da Kpakungu da Sauka Kahuta, ya bi hanyar Bida har Gidan Kwano, bututun gwamnati kuwa bai bi shi da irin wannan saurin ba. Shi ya sa jama'a suka koma ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa: wani rijiyar hannu, wani rijiyar burtsatse, wani kuma 'yan garuwa, waɗanda su ma sau da yawa daga burtsatsen wani suke sayowa.

Ruwan ƙasa ba a ganinsa. Mai gida bai shiga ramin ba, bai ga dutsen da aka huda ba, bai ga inda ruwan ya tsaya ba. Abin da yake da shi kawai lamba ce da aka faɗa masa, lamba kuwa ba ta da ma'ana sai da ma'auninta. Idan mai haƙa ya ce "mun kai ɗari", ƙafa ɗari yake nufi ko mita ɗari? Ƙafa ɗari mita 30 ce da 'yan kai, mita ɗari kuwa ƙafa 328 ce. Tsakanin waɗannan ɗari biyu akwai kuɗi mai yawa, akwai kuma rigimar da kan kai mutane gaban mai unguwa.

Awo iri biyu ne ke yawo a harkar ruwa a wannan gari. Akwai tsohon awo na hannu da na kasuwa: gaba, ƙafa, inci, rodi, galan, duro da jarka. Akwai kuma awon mita: mita, milimita, lita, kubik mita da miligiram. Kowanne yana da mutanensa, kowanne kuma yana da inda ya fi ɗan'uwansa.

Asalin kowanne

Tsohon awo saiwa biyu gare shi. Ta farko tamu ce ta gado. Gaba ita ce tsawon hannaye biyu a buɗe, daga yatsan wannan hannu zuwa na wancan, kuma da ita magina rijiya suke faɗin zurfi tun kaka da kakanni. Ga kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ga taki na ƙafa. Saiwa ta biyu Turawan Ingila ne suka shuka ta. Layin dogon Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911 kuma ya ratsa ta Minna, faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne. Hukumar binciken duwatsu da ma'adanai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1919, da ƙafa da galan ta riƙa rubuta bayanan rijiyoyin Arewa. Tsofaffin taswirorin ƙasa da ƙafa suke nuna tudu da kwari. Garwar kananzir da aka daɗe ana tallan ruwa da ita galan huɗu take ci, wato kimanin lita 18. Har gobe kuma fulotin Minna da ƙafa ake yanka shi: hamsin da ɗari, ko ɗari da ɗari.

Awon mita kuwa a Faransa aka ƙirƙiro shi a shekarun 1790. Ƙasashe suka ƙulla yarjejeniya a kansa a birnin Faris a 1875, aka kuma daidaita shi a matsayin tsarin duniya a 1960. Nijeriya ta koma kansa a farkon shekarun 1970, zamanin da naira ta maye gurbin fam a 1973, dokar awo da sikeli ta 1974 kuma ta tabbatar da shi. Ɗaliban ilimin duwatsu na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, da mita da lita ake koyar da su. Haka injiniyoyin hukumar raya kogunan Neja ta sama, mai hedikwata a nan Minna, suke rubuta rahotanninsu. Wato fiye da shekara hamsin ke nan mita take a takarda, gaba da ƙafa suna baki.

Zurfi

Kafin a auna su biyun, ya kamata a san irin ƙasar da ake magana a kanta. Minna a kan tsohon dutse mai tauri take zaune, irin wanda ake gani a fili a Dutsen Paida. Wannan dutse ba ya shan ruwa. Wuri biyu ruwa ke samun maɓoya: a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama, wanda ruwan sama da zafin dubban shekaru suka narkar, da kuma cikin tsagogin da ke ratsa lafiyayyen dutsen a ƙasa. Shi ya sa mutum zai haƙa ya sami ruwa, maƙwabcinsa na jikin katanga ya fi shi zurfi ya tashi da ƙura. A wajen Bida abin ya bambanta, domin can dutsen yashi ne mai riƙe ruwa a jikinsa.

A rijiyar hannu, gaba ta yi rawar gani. Magini ba ya bukatar komai sai igiya da hannayensa, mai gida kuma yana iya maimaita awon da kansa a nan take. Tsofaffin magina suna ɗauke da taswira a kawunansu: sun san a gaba nawa ake cin jar ƙasa a wannan unguwa, a gaba nawa ake tarar da dutse a waccan. Wannan ilimi ne na gaske, kuma masanin da ya raina shi kansa ya cuta.

Amma gaba tana bin jikin mai ita. Buɗin hannayen mutum kusan daidai yake da tsawonsa. Gaba goma ta mutum mai tsawon mita 1.6 mita 16 ce; ta mai tsawon mita 1.85 kuwa mita 18.5 ce. Bambancin mita biyu da rabi a rijiyar hannu shi ne bambancin wadda za ta kai watan Afrilu da ruwa da wadda za ta ƙafe tun Fabrairu. Idan kuma da gaba aka yi jinga, sai a tambaya: gabar wa, ta mai gida ko ta magini?

A burtsatse, rodi ne ya gaji gaba. Mai gida ya tsaya a gefe yana ƙirga ƙarafunan da ke nutsewa, wannan kuma dabara ce mai kyau, domin ita ce kaɗai hanyar da zai shaida zurfi da idonsa. Sai dai rodi ba tsawo ɗaya gare shi ba. Akwai na mita 3, akwai na mita 4.5, akwai na mita 6. Rodi ashirin yana iya zama mita 60, ko 90, ko 120. Tunda da yawa daga masu haƙa da mita suke yanka farashi, wanda ya ƙirga rodi bai auna guda ɗaya da tef ba, bai san abin da ya biya ba.

A nan mita ta yi zarra. Ba ta raguwa, ba ta ƙaruwa. Ita kanta ƙafa, tun 1959 da mita ake fassara ta: ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce cif, inci kuma milimita 25.4.

Yawan ruwa

Zurfi shi ake biya, amma ba shi ake sha ba. Abin da ya kamata mai rijiya ya fi damuwa da shi shi ne yawan ruwan da za ta iya bayarwa ba tare da ta gaji ba. A nan ne jarka ta fi kowane awo kusa da zuciyar mutane. Uwargida ta san jarka nawa gidanta ke ci a yini, ta san kuɗin kurar ruwa guda, ta san ranar wanki sai an ƙara. Ka ce mata rijiya tana ba da rabin lita a sakan, ba ka faɗa mata komai ba. Ka ce tana cika jarka kafin minti ɗaya, ta gane nan take.

Jarka ce kuma hanya mafi sauƙi ta shiga awon mita. A ɗauki jarka mai lita 25, a duba agogon waya. Idan ta cika a sakan 50, rijiyar tana ba da rabin lita a sakan, wato lita 1,800 a awa. Tankin lita 2,000 zai cika cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Idan aka ja ruwa awa takwas, an sami lita 14,400, wadda za ta ishi mutum 288 idan kowa zai yi amfani da lita 50 a yini. Duk wannan lissafi daga jarka guda ya fito. Sharaɗin kawai a san cikinta, domin akwai ta lita 20, akwai ta 25. Wanda ya auna da ta 20 yana zaton ta 25 ce, ya ƙara wa rijiyar kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan da ba ta da shi.

Galan ya fi jarka haɗari, domin galan iri biyu ne a duniya. Na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79. Tankin galan dubu na Ingila lita 4,546 yake ci, na Amurka lita 3,785. Gibin da ke tsakani ya kai jarka talatin. Tsofaffin takardunmu galan ɗin Ingila suke nufi, yawancin littattafan ilimin ruwan ƙasa da takardun famfon da suka fito daga Amurka kuwa nasu suke nufi, kuma ba kullum suke faɗa ba. Duron da muke kira na lita 200 shi ne na galan 44 a Ingila, shi ne kuma na galan 55 a Amurka.

Akwai wani lissafi da awon mita ke sauƙaƙa shi, wanda ke tona asirin gwajin gaggawa. Ramin burtsatse mai faɗin inci 6 yana riƙe kimanin lita 18 a kowace mita. Idan ruwa ya taru tsawon mita 40 a cikinsa, akwai lita 730 a ajiye, kusan jarka 29. Famfo mai jan lita ɗaya a sakan zai kwashe wannan cikin minti goma sha biyu. Saboda haka ruwan da ya yi ta ambaliya a minti goman farko, ana murna ana ɗaukar hoto, yana iya zama wanda ya kwana a ramin ne kawai. Gwajin gaskiya shi ne a ja ruwa awanni da yawa, ana auna yadda yake sauka, a kashe famfo a auna yadda yake dawowa. A dutse irin na Minna burtsatse da yawa ba sa kai lita ɗaya a sakan, kuma wannan ba abin kunya ba ne: famfon tuƙa-tuƙa lita 0.2 zuwa 0.3 a sakan kawai yake bukata. Matsalar ita ce a saka wa ƙaramar rijiya babban famfo saboda ba a auna ta ba.

Shi ma famfon da ake zurawa a rijiya yana da nasa tarkon. A jikinsa ana rubuta iyakar tsayin da zai iya tura ruwa, wani da mita, wani da ƙafa. Wanda aka rubuta masa ƙafa 200, mita 61 kawai yake nufi. Idan ruwa kan sauka zuwa mita 55 lokacin ja, tanki kuma yana sama da ƙasa da mita 8, ana bukatar mita 63 ke nan, ko ɗigo ba zai hau ba. Rijiya ta bayar, guga ya hana. A ɓangaren bututu kuwa inci ya ƙi mutuwa, ba a Minna kaɗai ba. A kasuwa inci 5 da inci 6 ake kira, kuma babu laifi a ci gaba da haka muddin an san milimita 127 da 152 ake nufi.

Nisa da tsabta

Inda ruɗanin awo ya fi tayar mini da hankali shi ne inda ya taɓa lafiya. Shawarar da masana tsabtar muhalli suka saba bayarwa ita ce a bar kimanin mita 30 tsakanin rijiya da masai. Mita 30 kusan ƙafa 100 ce, wato tsawon fulotin hamsin da ɗari daga wannan bango zuwa wancan. Birkilan da ya saba aiki da ƙafa, idan ya ji "talatin" ya ja tef ɗinsa, mita 9 kawai ya auna. A unguwanni masu cunkoso, inda rijiyar wannan gida ke jingine da shaddar wancan, kuma ruwan rijiyar hannu daga ruɓaɓɓen dutsen sama yake zuwa, wannan kuskure yana ƙarewa ne a gadon asibiti.

Da zarar an zo maganar ingancin ruwa, tsohon awo ba shi da ta cewa. Ido yana ganin laka, hanci yana jin wari, harshe yana jin gishiri da tsatsa, iyakarsu ke nan. Gubar dalma ba ta da ɗanɗano. Ma'aunin ruwan sha na Nijeriya, wanda hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ta fitar a 2007, ya ƙayyade dalma a miligiram 0.01 a kowace lita, sinadarin fuloraid a miligiram 1.5, naitiret kuma, wanda kan tsiyayo daga masai da taki, a miligiram 50. Ƙwayar cutar da ke nuna bahaya ya shiga ruwa kuwa, ko guda ba a yarda a samu a mililita 100 ba. Babu gaba ko jarkar da za ta auna waɗannan.

Amma adalci shi ne a faɗa cewa awon mita ma yana da ramukansa. Miligiram ɗaya maikirogiram dubu ne, kuma harafi ɗaya ne ya raba su a takarda. Naitiret ana rubuta shi hanya biyu: wasu dakunan gwaji suna auna sinadarin gaba ɗayansa, wasu kuma naitirojin ɗin da ke cikinsa kawai. Iyakar miligiram 50 a hanyar farko miligiram 11 ce a ta biyu. Takardar da ta nuna 20 a hanya ta biyu, idan aka karanta ta da ma'aunin farko, za a ce ruwan lafiya lau, alhali ya kai kusan 89, kuma jarirai ne suka fi cutuwa da shi. Haka saurin tafiyar ruwa a cikin ƙasa, wanda ƙa'idarsa ta samo asali daga gwajin da injiniya Henry Darcy ya wallafa a 1856 kan ruwan birnin Dijon: wani ya rubuta da santimita a sakan, wani da mita a yini, alhali santimita ɗaya a sakan mita 864 ce a yini. Lita ɗaya a sakan kuma kubik mita 3.6 ce a awa, 86.4 a yini. Ɗalibin da ya kwafo lamba daga tsohon littafi bai duba ma'auninta ba, digirinsa ba zai hana shi kuskure ba.

Rauni na biyu na awon mita shi ne nisa da jama'a. Rahoton safiyo, wanda ake yi da na'urar tura lantarki cikin ƙasa don gano inda dutse ya ruɓe ko ya tsage, yakan zo cike da lambobi da zane-zanen da mai gida ba zai iya karantawa ba. Ya biya, ya karɓa, ya jefa a durowa. Awon da mai kuɗin aikin bai gane ba, bai kare shi daga komai ba.

Abin da ake bar wa na baya

Akwai fage guda da mita ba ta da abokin karawa: tara bayanai. Minna tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,200 a shekara, tsakanin Afrilu da Oktoba. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce daidai. Saboda haka rufin gida mai murabba'in mita 100 yana karɓar lita 120,000 a damina, wato jarka 4,800. Yaron firamare zai iya wannan lissafi. A gwada shi da inci da ƙafa da galan a ga wahala. Wannan sauƙin ne ke ba masana damar kwatanta abin da sama ke zubowa, da ɗan abin da ke nutsewa ƙasa, da abin da dubban famfuna ke zuƙewa kullum.

Tambayar da ke gaban garin ita ce: ruwan ƙasan Minna yana raguwa ne, kuma da wane sauri? Ba za a amsa ta da "da can gaba shida muke samu, yanzu sai takwas" ba, duk da cewa wannan magana shaida ce mai daraja. Sai an sami zurfin ruwan rijiyoyi da yawa, an auna da ma'auni ɗaya, a watanni iri ɗaya, shekara bayan shekara. Nijeriya tana da ƙa'idojin haƙa rijiyar burtsatse tun 2010, Cibiyar Nazarin Albarkatun Ruwa ta Ƙasa da ke Kaduna kuma tana horar da masu haƙa. Amma duk rijiyar da aka haƙa aka tafi ba a bar rubutu ba, an binne iliminta tare da ita.

Hukunci

Idan aka ɗora su a sikeli, tsohon awo ya fi wajen fahimta da shaidar ido: kowa yana da hannu, kowa yana da jarka. Awon mita ya fi wajen daidaito, da lissafi, da kare lafiya, da ajiye tarihi. Ni a ganina ba sai an kashe ɗaya ba. A yi hira da gaba da jarka, amma duk abin da za a biya kuɗi a kansa, ko a rubuta, ko a sha, a mayar da shi mita da lita, kuma a yi juyin a fili gaban mai aiki da mai gida. Ɓarna ba daga gaba take zuwa ba, ba kuma daga mita ba; daga lambar da aka faɗa ba a faɗi ma'auninta ba take zuwa. Addininmu ya yi gargaɗi mai tsanani kan tauye mudu, kuma rodin da aka ƙirga a mita shida alhali huɗu da rabi ne, tauye mudu ne.

Kirana ga masana da injiniyoyinmu shi ne su ƙara layi biyu a ƙarshen kowane rahoto, da Hausa ko Gbagyi ko Nufanci, su faɗi jarka nawa rijiyar za ta bayar a awa, da ko ruwanta ya dace da sha. Masu haƙa su rubuta tsawon rodinsu a takardar jinga. Kai kuma mai gida, kafin ka biya cikon kuɗi, ka auna rodi guda da tef, ka kuma nemi takarda mai sa hannu da ta nuna abu huɗu: zurfin rijiya da mita, inda ruwa ya tsaya da mita, lita nawa take bayarwa a sakan bayan an ja ta awanni, da sakamakon gwajin ruwan. Ka adana ta tare da takardun fili, domin 'ya'yanka za su bukace ta ranar da famfo ya lalace.